Waya a hannun mai lamba: abin da ake rubutawa da dalilinsa

Wannan jawabi ne da malamin dabbobi ya yi wa makiyaya da manoma masu kiwo na gundumar Madarunfa, a taron share fagen zagayen lambar bisashe. Mun buga shi domin a karanta wa waɗanda ba su samu zuwa ba.

Masu gari, su Ardo da su Rugga, iyayenmu mata, samari masu bin garke, sannunku da zuwa. Na ga mutanen Gabi da na Ɗan Isa, na ga na Safo, da Jiratawa, da Sarkin Yamma. Na san wasunku sun baro bisashe ba a shayar ba, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Maganar yau guda ce. Kun lura ma'aikatan lamba, da na sarwis da na likitoci masu zaman kansu, in sun gama yi wa garke allura sai su zaro waya su yi ta latsawa. Tambayoyi sun iso mana a kan haka. Wani ya ce jangali za a maido. Wani ya ce ai ta nan ɓarayin shanu za su san yawan dukiyar mutum. Tambayoyi ne na mai hankali, kuma haƙƙinku ne a ba ku amsa. To ku saurara, zan faɗa muku abin da ke shiga wayar nan, da wanda ke ganinsa, da abin da muke roƙo gare ku.

Yadda ake yi da

Dattawa sun san zamanin takarda. Mai lamba shi fita daji kwana goma ko fiye, shina rubutu a littafi. Sai ya komo buro a haɗa lissafi, a aika Maraɗi, daga can a aika Ƴamai. Kafin shugaban sarwis ya gane cewa an tsallake ƙauye kaza, ko kwalaben magani sun ƙare wa wata ƙungiya tun ran Talata, an riga an naɗe kaya, makiyayan kuma sun tashi. Wani littafin ruwa ya jiƙa shi, wani rubutun mai shi kaɗai ke iya karantawa. Aiki dai ana yi, amma kamar mai kiwo cikin dare: yana jin motsin garke, bai san wadda ta ɓace ba sai gari ya waye.

A shekarar 2015 aka buɗe poroje na tallafa wa kiwo a ƙasashen Sahel, wanda ake kira PRAPS, da kuɗin Bankin Duniya. Ƙasashe shida ne a ciki: Nijar, Mali, Burkina Faso, Cadi, Muritaniya da Senegal. A 2021 aka shiga kashi na biyu. Cikin abubuwan da ya kawo wa ma'aikatan lafiyar dabbobi har da koyon aiki da wata manhaja mai suna KoboToolbox. Manhaja, ga wanda bai sani ba, ita ce dabarar da ake zubawa cikin waya ko kwamfuta don ta yi wani aiki na musamman. Wannan aikinta shi ne na littafin da muka saba, sai dai shafin da aka cika a bakin shingen allura da safe, ana iya ganinsa a buro da marece.

Abin da ake rubutawa

Ga abin da mai lamba ke cikawa, ba ɓoye-ɓoye:

1. Ranar aiki da sunan ƙungiyar da ta yi shi.
2. Komin, da ƙauye ko rugar da aka yi wa aiki.
3. Wurin da aka tsaya aka yi allurar. Wayar da kanta take ɗaukar alamar wurin, ko babu rezo.
4. Yawan shanu, da tumaki, da awaki, da raƙuman da aka yi wa allura, kowane iri daban.
5. Yawan tumaki da awakin da aka yi wa shaida a kunne.
6. Yawan kwalaben da aka buɗe, da lambar da ke jikinsu.
7. Ciwon da aka gani a garke, in akwai.

Ku lura da na uku. Alamar da ake ɗauka ta wurin allura ce, shinge ko gindin icen da kowa ya sani. Ba a tambayar ku inda garke ke kwana, ba a tambayar hanyar da za ku bi gobe. Duk wanda ya tambaye ku wannan da sunan aikin lamba, ya wuce abin da aka aike shi, ku sanar da buro.

Mun san rezo ba ko'ina yake ba. Cikin dajin Baban Rafi sai ka yini ba ka samu ba, kusa da iyaka kuma waya ta kan kama na Najeriya. Wannan bai hana aiki. Ana cika shafi a ajiye cikin waya, in an iso inda rezo yake sai a tura gaba ɗaya.

Wa ke gani?

Kowane ma'aikaci da sunansa da kalmar sirrinsa. Kuma ba ƙofa ɗaya aka buɗe wa kowa ba. Mai lamba turawa kawai yake yi, ba ya ganin abin da sauran ƙungiyoyi suka tura. Shugaban sarwis na gunduma yana ganin aikin gundumarsa, shi ke dubawa ya amince ko ya mai da a gyara. Sama da shi akwai na jiha a Maraɗi, da hukumar likitocin dabbobi a Ƴamai. Akwai mutum guda da aka ɗora wa riƙon makullin: shi ke buɗe wa sabon ma'aikaci, shi ke rufe wa wanda ya bar aiki. In waya ta ɓace ko an sace ta, dokarmu ita ce a sanar da shi ranar nan, ya canza kalmar sirri. Abin da aka riga aka tura kuwa yana nan a ajiye, bai tafi da wayar ba.

To me shugaban sarwis yake yi da abin da ya gani? Kowane marece yana buɗe kwamfuta, ga jerin ƙauyukan da aka tsara, ga waɗanda aka yi, ga taswira da ɗigo-ɗigo. In ya ga gefen Gabi ɗigon ya yi ƙaranci, sai ya kira shugaban ƙungiya ya ji dalili: babur ne ya lalace, ko mutane ne ba su fito ba, ko hanyar ce babu kwanciyar hankali? In ya ga wata ƙungiya saura kwalba uku gare ta alhali manyan ƙauyuka biyu na gabanta, da asuba za a kai mata magani da ƙanƙara. In wata ta gama da wuri, sai a tura ta ta taimaki wadda aiki ya yi wa yawa. Dā sai an gama zagaye ake sanin waɗannan abubuwa. Yanzu ana saninsu tun akwai sauran lokacin gyara.

Wayar tana kuma tsaron mu ma'aikata, kada mu yi son kai. Tun 2003 aka fara tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu na kusa da makiyaya a Dakoro, daga baya ya bazu. In gwamnati ta ba irin wannan likita aikin lamba, bisa yawan kan da ya yi wa allura ake biyansa. Kun ga ke nan akwai abin da zai ja zuciyar mutum ya ƙara sifili. Amma wanda ya rubuta kai 900 alhali kwalba biyar ya buɗe, lissafinsa zai tona shi. Wanda ya zauna gindin bedi a gari ya cika shafin ƙauyen da bai je ba, alamar wuri da ta lokaci za su nuna. Bayan zagaye kuma akan bi wasu garkuna a duba kunnuwa, a ɗebi jini a kai LABOCEL, wato ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, a ga ko allurar ta kama.

Me ya sa muke neman lissafin gaskiya?

Nan ne zuciyar maganar, ku ba ni hankalinku. Waya ba ta san garkenka ba. Abin da aka faɗa mata shi take riƙewa. In an ba ta ƙarya, ƙaryar za ta kai Ƴamai, da sauri ma fiye da takarda.

Bari mu yi misali. A ce ƙauye yana da awaki da tumaki 1000. Da aka zo tambaya kafin zagaye, kowa ya rage, aka ce 600 ne. Kwalba guda, a ce, ta kai 100 ce. Za a ware wa ƙauyen kwalba shida maimakon goma. Ranar lamba an kawo 600, an yi musu duka, waya ta rubuta an gama, a buro kowa na murna. Alhali 400 suna bayan gida ko suna daji ba a taɓa su ba. A takarda ɗari bisa ɗari, a gaskiya 60 cikin 100. Baɗi kuma da lissafin bana za a yi odar magani, ƙarancin ya sake maimaituwa.

Abin da ake nema a zagaye shi ne a samu aƙalla 80 cikin kowace 100. Dalili kuwa, ciwo kamar wutar daji yake: in an share ciyawa da faɗi, wutar ta iso ta rasa abin ci ta mutu. In an bar tsibi nan, tsibi can, sai ta yi ta tsallake. Waɗannan 400 su ne ciyawar da aka bari. Kuma ba mai su kaɗai zai yi kuka ba. A bakin tabkin Madarunfa, ko a gulbi, ko a kasuwar Ɗan Isa, bisashen kowa haɗuwa suke, hanci da hanci.

Ciwon da muka fi bi a awaki da tumaki shi ne wanda takardunmu ke kira PPR. Kun san shi ko da ba ku san wannan suna ba: zazzaɓi, majina da kwantsa har ido ya manne, gyambo a baki, zawo mai wari, tari. In ya shiga garken da bai taɓa saninsa ba, yana iya kashe tara cikin goma. Ba ya kama mutum, amma yana karya gida. Iyayenmu mata, ku kuka fi kowa sani, don jar akuyar nan ta Maraɗi ita ce asusunku: kuɗin magani, da kayan ɗiya, da hatsin lokacin da rumbu ya yi ƙasa, duk daga jikinta suke fita. An fara gane ciwon nan a Kodebuwa a 1942. A 2015, a birnin Abijan, hukumar FAO da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka tara ƙasashe aka ɗauki alkawarin kawar da shi nan da 2030.

Kada wani ya ce mafarki ne. Dattawan nan sun ga bushiya, ko sun ji daga bakin iyayensu yadda take share garke a bar mutum da sanda. Ina take yau? A 2011 aka yi shelar ta ƙare a duniya baki ɗaya, kuma allura ce da bin sawu suka gama da ita. PPR ɗan uwan bushiya ne, allurarsa kuma mai ƙarfi ce: sau ɗaya tana tsare dabba shekara uku ko fiye. Shi ya sa muke huda kunne, don baɗi a san wadda aka yi wa, a nemi sabbin haihuwa da suka wuce wata uku. Hudar nan ba ta rage nama, ba ta rage nono.

Na shanu daban ne. Allurar ciwon huhu ƙarfinta bai wuce kamar shekara guda, don haka kowace shekara sai an sake. Kuma saniyar da ta yi ciwon ta tashi tana iya riƙe shi a huhunta tana raba wa sauran. Wanda ya kawo rabin garke ya ɓoye rabi, ya sani cikin waɗanda ya ɓoye ne mai ciwon take iya kasancewa.

Maganar jangali da maganar ɓarayi

Ban ga laifin wanda ya ji tsoron ƙidaya ba. Kakanninmu sun sha wuyar jangali, har ɓoye shanu ya zama gado. Kuma a al'adarmu mutum ba ya son faɗin yawan dukiyarsa, don baki. Amma an daɗe da daina karɓar jangali bisa kan saniya a ƙasar nan. Kuɗin da ake karɓa a kasuwa in an sai da dabba, wannan tsakaninku ne da komin, ba shi da haɗi da littafin lamba. Allurar zagayen nan kyauta ce, gwamnati ta ɗauki nauyinta. In faɗin lissafi gaban jama'a ne ba ka so, ja mai lamba gefe ka faɗa masa a kunne.

Maganar ɓarayi kuwa gaskiya ce mai ɗaci, mutanen bakin iyaka sun fi ni saninta. Sai dai ku duba ta ina labari ya fi saurin fita. Abin da ke cikin manhajar sarwis yana bayan makulli. Abin da aka jefa a gurup na WhatsApp mai mutum ɗari kuwa, kamar an faɗe shi ne a tsakiyar kasuwa. Shi ya kawo mu magana ta gaba.

Dokokin gurup

Ban da manhajar da na bayyana, muna aiki da gurup na WhatsApp, don shi ne kowa ya iya, kuma saƙon murya bai bukatar karatu. A cikinsa ake sanar da ranar zuwan masu lamba, da canjin rana in an samu. Sanarwar nan tana da muhimmanci saboda maganin kansa. A cikin firigo yake zaune, a cikin akwatin ƙanƙara yake tafiya, in an dama kwalba kuwa sai a yi aiki da ita cikin kamar awa biyu, abin da ya rage a zubar. In an ce da hantsi, ku zo da hantsi gaba ɗaya. Mai zuwa da azahar da awaki bakwai, ko dai a buɗe masa sabuwar kwalba a yi asarar sauran, ko ya koma haka nan.

Gurup in ba shi da mai riƙo, kwana kaɗan ya zama dandalin gaisuwa da gardama, sanarwar aiki ta nutse a ciki. Ga abin da muke so a tsaya a kai:

1. Masu riƙon gurup biyu ne, ɗaya daga sarwis, ɗaya wanda makiyaya suka zaɓa. Su kaɗai ke shigar da mutum, kuma sai wanda mai gari ko Ardo ya sani.
2. Maganar lafiyar bisashe da ranakun aiki kawai. Siyasa, da talla, da hotunan da ba a san asalinsu ba, a kai su wani wuri.
3. Kada kowa ya faɗi yawan garkensa, ko inda yake kwana, ko ranar da zai tashi. Wannan a kira ma'aikaci kai tsaye.
4. Ranar lamba ba ta tabbata sai ta fito daga bakin mai riƙon gurup na sarwis.
5. Wanda wayarsa ta ɓace, ko ya canza lamba, ya sanar a cire tsohuwar.
6. Ba a rubuta wa dabba magani a gurup. Abin da ya warkar da ta maƙwabcinka yana iya kashe taka.

In ciwo ya ɓulla

Kada a jira a ga ƙarshensa. A aika saƙon murya ga ma'aikacin da ya fi kusa, a faɗi abu shida: wane ƙauye, wace irin dabba, nawa suka kamu, nawa suka mutu, tun yaushe, kuma ko an shigo da sabuwar dabba daga kasuwa ko daga tafiya. In da hali a ɗauki hoton ido, da baki, da kashin dabbar. Ma'aikaci zai shigar da labarin cikin manhaja, ranar nan ya kai inda ake yanke shawara. Kafin mu iso, a ware marasa lafiya, kada a kai su mashayar jama'a, kada a ruga da su kasuwa. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, kada a ci. Tana iya zama saifa, ita kuwa tana kama mutum.

Wanda ba shi da babbar waya bai fita daga lissafi ba. Ƙaramar waya tana kira. Wanda ba shi da ko ɗaya, ga mai gari, ga mataimakan likita na ƙauyuka da aka horar, faɗa musu kamar ka faɗa mana ne.

Haƙƙinku a bakin shinge

Kafin mai lamba ya tura shafi, ka ce ya karanta maka abin da ya rubuta a kan garkenka. In ka kawo 40 ya rubuta 60, ka ce a gyara nan take, gaban mutane. Ka ga an zaro kwalba daga akwatin sanyi da idonka. Ka karɓi takardar shaidar allura ka adana ta cikin leda, musamman masu gangarawa kudu ta Jibiya da rani, don a hanya takarda ake nema, ba wanda zai buɗe maka kwamfutar Madarunfa a can. In masu lamba ba su zo ranar da aka sa ba, ko sun tsallake rugarku, ku faɗa tun ana cikin zagaye, lokacin da magani da ƙanƙara da man babur suke nan.

Abin da muke roƙo gare ku bai da yawa. In an zo tambaya kafin zagaye, ku faɗi lissafin gaskiya. Ranar lamba ku kawo garke duka, har na matan gida, har waɗanda aka ba ku kiwo. Mu kuma nauyinmu ne mu zo ranar da muka faɗa, da magani mai sanyi, mu rubuta abin da muka yi ba ƙari, mu tsare sirrinku. In wani cikinmu ya saɓa, ƙofar buro a buɗe take.

Yanzu su Ardo da masu gari za su zauna da shugabannin ƙungiyoyi a tsai da ranar kowane ƙauye, a kuma zaɓi mai riƙon gurup na ɓangaren makiyaya. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mata a fara da ku. Allah shi tsare mana bisashenmu, shi ba mu lafiya da zama lafiya, shi mai da kowa gidansa lafiya.